Ciwon dajin hanta a Damagaram: nazarin lamarin wani ɗan kasuwar gyaɗa da aka yi wa maganin tayar da garkuwar jiki

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 44, mazaunin birnin Damagaram. Sana'arsa sarin gyaɗa daga kasuwannin Matamaye da Magarya yana kawowa gari. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga. Na ɓoye sunansa da duk abin da zai sa a gane gidansu. Alhaji nake ce masa lokacin da yake raye, haka zan ci gaba da ce masa a nan.

Da kaka ya zo asibitin da nake aiki. Ƙorafinsa nauyi ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda ya kai wata biyu, sai rama, sai saurin ƙoshi. "Likita, loma uku in na yi, shi ke nan na cika," in ji shi. Kafin ya zo ya sha maganin gyambon ciki daga farmasi, ya kuma sha jiƙon shawara. Da na tambayi tarihin gida, ya ce mahaifiyarsu kumburin ciki ne ajalinta, haka ma wani kawunsu.

Idonsa bai yi rawaya ba, ƙafarsa ba ta kumbura ba, babu ruwa a cikinsa. Amma da na ɗora hannu, hantar ta sauko kusan yatsu huɗu ƙasa da haƙarƙari, da tauri, ga gudaji ana ji. Saifa ma ta ɗan girma. Gwajin AgHBs ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Babu nau'in C, babu sida. Furotin ɗin AFP, alamar dajin hanta a jini, wanda a jikin mai lafiya ba ya wuce nanogiram 10 zuwa 20 a mililita, nasa ya haura 8,000. Albumin, furotin ɗin da hanta ke yi, 37, bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, daidai, jini na daskarewa yadda ya kamata, sai dai ƙwayoyin daskarar da jini sun sauka zuwa 105,000. Eko, wato hoton ciki, ya nuna ƙari mai faɗin santimita 11 a ɓangaren dama na hanta, da wasu ƙanana biyu kusa da shi. A sikana, ƙarin ya sha ruwan allura da wuri ya kuma sake shi da wuri. A hantar da ta riga ta ƙeƙashe, wannan alama ta isa a tabbatar da dajin ƙwayoyin hanta ba sai an tsakuro nama ba. Ƙarin ya kutsa cikin reshen dama na jijiyar fotal, wato babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji. Huhu lafiya lau.

A ma'aunin Child-Pugh, wanda ke auna ƙarfin da ya rage wa hanta, Alhaji yana aji A. A ma'aunin Basalona na matakin ciwon, yana mataki C. Tiyata ta wuce shi, dashen hanta ma haka. Abin da ya rage shi ne maganin da zai ratsa jiki gaba ɗaya.

Wannan aji A shi ne abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a rubuta. Galibin masu zuwa mana da wannan ciwo suna zuwa ne ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya, a ɗauko su a mota. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara majinyata daga ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya da Gana da Kamaru, ya nuna cewa in aka cire Masar, rabin majinyatan ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon, kuma kashi 3 cikin 100 ne kawai suka samu maganin da ya shafi dajin kansa. Matsakaicin shekarunsu 46. Alhaji sa'ansu ne, amma shi da ƙafarsa ya shigo.

Yadda ƙari ya kai santimita 11 jiki bai ce uffan ba

Ƙaninsa, wanda malamin makaranta ne, shi ya yi mini tambayar da ta fi kowace muhimmanci: "Likita, ina sojojin jiki suke har abu ya yi wannan girma?" Amsar ta fara tun kafin ƙarin ya fito.

Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji yake fitowa, ɗauke da ɓurɓushin abinci da guntayen ƙwayoyin bakteriya. Hanta kamar zauren gidan mai jama'a take: baƙi ba sa yankewa, don haka masu tsaron zauren an hore su da kada su zaro sanda don sun ga baƙuwar fuska. Da za su yi faɗa da duk wanda ya shigo, da kowane cin abinci sai ya zama ciwo. Ƙwayoyin Kupffer, waɗanda aikinsu haɗiye datti a cikin hanta, suna fitar da sinadarin IL-10 mai kwantar da garkuwa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon ƙananan hanyoyin jinin hanta kuwa, in sun nuna wa ƙwayoyin T, wato mayaƙan garkuwar jiki, wani baƙon abu, sukan nuna shi ta yadda ƙwayar T za ta yi sanyi maimakon ta harzuƙa. Tun a 1969 likitan tiyata na Ingila, Roy Calne, ya nuna cewa ana iya dasa wa alade hantar wani aladen jikinsa ya karɓa ba tare da maganin danne garkuwa ba, abin da ba ya faruwa da fata ko ƙoda.

Ƙwayar cutar hanta B ta daɗe da sanin wannan hali. Babban mutum in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsu na korar ta. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan tara cikin goma takan zauna musu har tsufa. Idan aka dubi tarihin mahaifiyarsa, mai yiwuwa Alhaji tun yana goye yake tare da ita. Shekara arba'in ƙwayoyin T ɗinsa suna ganin abokin gaba guda ba sa iya gamawa da shi. Ƙwayar T da ta daɗe a wannan hali takan gaji: takan cika jikinta da wani furotin mai suna PD-1, ƙarfin kisanta ya ragu. Amma faɗan bai mutu gaba ɗaya ba, yana nan yana ci a hankali, yana kashe ƙwayoyin hanta, hanta na sake tsiro, tabo na taruwa. Ƙeƙashewar hanta ke nan. Sannan ita ƙwayar cutar tana cusa gadonta cikin gadon ƙwayoyin hanta, shi ya sa takan haddasa daji ko a hantar da ba ta ƙeƙashe ba.

Sai gyaɗa. Ba na son a fahimce ni a karkace, domin gyaɗa abincinmu ce kuma arzikin kudancin jiharmu. Matsalar fumfuna ce. Gyaɗa ko masarar da aka adana ba ta gama bushewa ba tana tsirar da wata fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin. An gano dafin ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Dafin yana lalata wani gado mai suna TP53 a wuri ɗaya tak, gurbi na 249, kuma an sha ganin wannan tabo a majinyatan Gambiya da Mozambik da yankin Cidong na ƙasar Sin. In ya haɗu da ƙwayar cutar B, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Alhaji ya faɗa mini abin da duk ɗan kasuwa ya sani: mai kyau ake kai wa mai saye, tsintar da ta yanƙwane ko ta yi baƙi ita ke komawa gida a yi mai da ƙuli-ƙuli. Ba mu auna dafin a jikinsa ba, amma shekara ashirin yana wannan sana'a.

To a cikin irin wannan hanta ƙari ya tsiro, ya tarar da garkuwa a gajiye, shi kuma ya ƙara mata nasa. Ƙari ba tarin ƙwayoyin daji ba ne kawai. Kewaye da su akwai jijiyoyin jini, da ƙwayoyin tabo, da ƙwayoyin garkuwa iri-iri, kuma wannan muhalli ne ke yanke hukuncin ko magani zai ci ko ba zai ci ba. Ƙwayoyin daji da ƙwayoyin haɗiya da ke kewaye da su suna ɗaga furotin PD-L1. Da zarar ya taɓa PD-1 na ƙwayar T mai kisa, sai ta saki makami. Ƙarin yana kuma janyo wasu ƙwayoyin T na daban, masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu na asali hana garkuwa cin jikin mai ita. Suna ɗauke da furotin CTLA-4, da shi suke hana a horar da sababbin mayaƙa tun daga kaluluwa. An lura cewa a dajin da ƙwayar cutar B ta haddasa, irin waɗannan masu tsawatarwa sun fi yawa. Daga ɓargo kuma wasu ƙwayoyi da ba su gama nuna ba sukan kwararo cikin ƙarin su cinye sinadarin arjinin, wanda ƙwayar T ba ta iya hayayyafa sai da shi. Ƙwayoyin tabo na hanta suna zuba sinadarin TGF-beta mai danne garkuwa suna kuma saƙa zare mai tauri a gefen ƙarin, har ya zama in an duba a madubin likita, sai a ga ƙwayoyin T sun yi cincirindo a bakin ƙari ba su shiga ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina a cikinsu duka shi ne VEGF. Dajin hanta mayen jini ne, shi ya sa yake haskawa a sikana. Yana girma da sauri har iskar oksijin ta gaza a tsakiyarsa, sai ya yi ta fitar da VEGF don a gina masa sababbin jijiyoyi. Jijiyoyin da ake ginawa a gurguje karkatattu ne masu yoyo, bangonsu ba ya barin ƙwayoyin T su manne su ratsa. Da an daɗe ana ɗaukar VEGF a matsayin maginin jijiya kawai. Daga baya aka gane yana hana ƙwayoyin da ke kai rahoton abokin gaba balaga, yana kuma kiran masu tsawatarwa. A wurin da iska ta yi ƙaranci, tsami da sinadarin adenosin sukan taru, su ma suna kashe wa ƙwayar T jiki.

Akwai kuma ƙarin da ba ya ma barin garkuwa ta matso. Kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na dajin hanta na da sauyi a gadon beta-katenin. A ɓeraye an nuna sarai cewa irin wannan ƙari ba ya kiran ƙwayoyin kai rahoto, a mutane kuwa sakamakon bincike ya rarrabu.

Maganin, da zaman shawara

Tasuku Honjo na Japan ya gano PD-1 a 1992. James Allison na Amurka ya nuna a 1996 cewa in an toshe CTLA-4 a ɓera, garkuwa na iya cinye ƙari. Sun raba kyautar Nobel a 2018. Magungunan da suka fito daga aikinsu ba sa kashe ƙwayar daji da kansu, takunkumin da aka sa wa ƙwayoyin T suke cirewa.

A hanta abin bai zo da sauƙi ba. Daga 2007 har kusan shekara goma sorafenib ne kaɗai abin hannu, ƙwayar da ta ƙara matsakaicin rayuwa daga wata 7.9 zuwa 10.7. A gwajin da aka yi a Asiya, inda galibin majinyata masu ƙwayar cutar B ne irin namu, daga wata 4.2 zuwa 6.5 ne kawai. Da aka gwada nivolumab, mai toshe PD-1, shi kaɗai a kan sorafenib, bai yi rinjayen da ake nema ba. Sai a 2020 aka wallafa gwajin IMbrave150 mai majinyata 501, inda aka haɗa atezolizumab, mai toshe PD-L1, da bevacizumab, mai kame VEGF. Ɗaya ya gyara hanyar shiga, ɗaya ya cire takunkumi. Matsakaicin rayuwa ya kai wata 19.2, na masu shan sorafenib 13.4. Ƙari ya ragu sosai a kusan kashi 30 cikin 100. A 2022 kuma aka amince da haɗin da gwajin HIMALAYA ya fitar: tremelimumab, mai toshe CTLA-4, sau ɗaya tak, sannan durvalumab, mai toshe PD-L1, duk mako huɗu. Matsakaicinsa wata 16.4 ne a kan 13.8, tazarar ba yawa, amma bayan shekara biyar kusan mutum ɗaya cikin biyar na raye, ninki biyu na ɓangaren sorafenib.

Duk waɗannan gwaje-gwaje masu aji A kawai suka ɗauka, kuma galibinsu mutanen Asiya ne da Turai da Amurka. Wannan nakan tuna wa kaina shi duk lokacin da zan karanta wa iyali alƙaluma.

Ranar da sakamako ya kammala na fara masa tenofovir, maganin danne ƙwayar cutar hanta B, ƙwaya ɗaya kullum. Sharaɗi ne: ba a tayar da garkuwa a hantar da ƙwayar cutar B ke cin karenta ba babbaka. Sannan muka zauna, shi da ƙaninsa malami da wani baffansu. Baffan ne ya fara magana.

"Likita, mu dai faɗa mana gaskiya. In an yi, zai warke?"

Na ce: "Baba, warkewa ba na yi muku alkawarinta. Cikin mutum goma da ake yi wa wannan magani, uku ne ƙarinsu ke raguwa sosai. Wasu huɗu yakan tsaya musu na wani lokaci. Sauran ba ya yi musu komai. Babu gwajin da zai faɗa mana tun yanzu a wane rukuni Alhaji zai faɗa. Kuma kowane zagaye miliyoyin sefa ne, duk mako uku, ba ranar gamawa."

Aka yi shiru. Alhaji ya ce yana da fili a hanyar Mirya da motar ɗaukar kaya, kuma shi ya tara abinsa. Ƙaninsa ya ce: "Yaya, yara fa?" Ya ce gidan da suke ciki ba za a taɓa ba, shagon ma haka, abin da ya wuce nan a sayar. Ni a ganina wannan iyaka da ya ja da bakinsa, yana cikin hankalinsa, ta fi duk wata shawara da zan ba su. Na ga gidajen da aka sayar da komai a makon ƙarshe na majinyacin da ba ya ma gane mutane.

Saura cikas ɗaya. Saifar da ta girma da ƙwayoyin daskarar da jini da suka ragu suna nuna jini na samun turjiya wajen ratsa hanta. In haka ta faru, jijiyoyin ƙasan maƙoshi sukan kumbura, bevacizumab kuwa yana ƙara haɗarin fashewarsu. Shi ya sa a gwajin IMbrave150 sai da aka zura wa kowa kyamara ta baki kafin a fara. Da aka zura wa Alhaji, an ga manyan jijiyoyi kumburarru. Haɗin HIMALAYA da ya fi dacewa da shi ta wannan fuska, tunda babu bevacizumab a ciki, amma inda za shi ba a samunsa a lokacin. Aka ɗaure jijiyoyin da zoben roba, aka sa shi a kan propranolol mai rage matsin jini a cikinsu, aka sake dubawa. Tsakanin wannan da sayar da fili da neman biza, mako shida ya tafi. Amfanin jinkirin ɗaya ne: yawan ƙwayar cutar a jininsa ya faɗi.

Yadda jinya ta tafi

A wani asibiti a arewacin Afirka aka yi masa zagaye huɗu na farko: atezolizumab miligiram 1,200, bevacizumab miligiram 15 a kowane kilo na nauyinsa. Hawan jini ya taso aka ba shi magani, ya yi ƙaiƙayi na 'yan kwanaki. Bayan zagaye na uku sikana ta nuna babban ƙarin ya koma santimita 7, tsakiyarsa ta mutu, AFP ya sauko ƙasa da 600. Alhaji yana cikin ukun nan.

Ya dawo Damagaram ya yi ƙiba, yana cin tuwo. Ya koma shago, ya zaga Matamaye da Magarya da kansa ya warware basussukan da ke tsakaninsa da dillalai. Sauran kwalaben maganin da ya sayo an bar su a Yamai, gidan wani ɗan'uwansu, domin a can za a ci gaba da ɗaura masa. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kada ya yi zafi, kada kuma ya daskare. Lokacin bazara ne. In an ɗauke wuta, ɗan'uwan sai ya kwashe kwalaben daga firji ya naɗe su da tawul ya sa a kula, ya jera ledojin ƙanƙara a gefe yadda ba za su taɓa kwalba ba, ya tura yaro neman wata ƙanƙarar kafin wannan ta narke. Shi kuma Alhaji duk mako uku sai ya hau motar safa ya yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai. An yi zagaye na biyar da na shida a haka.

Kwanaki kaɗan kafin na bakwai matarsa ta kawo shi. "Likita, maigida idonsa ya canza, fitsarinsa kamar shayi." ALAT, gwajin da ke nuna raunin hanta, wanda a baya bai wuce 60 ba, ya haura 900. Bilirubin ya ninka sau biyar.

Nan ne wurin da ya fi wuya a duk jinyar. Abu huɗu na iya kawo wannan hoto. Ko garkuwar da aka tayar ce ta juya kan hantar kanta, ko ƙwayar cutar B ce ta farfaɗo, ko ƙarin ne ya toshe hanyar madaciya ko jijiya, ko kuma wani abin da ya sha ne. Maganin na farko shi ne kotizon, mai danne garkuwa, da yawa, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo. Amma in na biyun ne, kotizon zai ƙara wa ƙwayar cutar ƙarfi, yana iya kashe majinyaci. Eko bai nuna toshewa ba, ƙarin ma bai ƙaru ba. Gwajin yawan ƙwayar cutar kuwa sai an aika da jini, a jira.

Amsar a leda take. Na ce a zazzage mini duk magungunansa a kan tebur. Ga na hawan jini, ga propranolol, ga wata gora ta jiƙo da surukarsa ta aiko. Babu tenofovir. Alhaji ya ce kwalbar ta ƙare tun makon da ya dawo. "Na ɗauka babbar allurar ta haɗa duka, likita. Wannan ɗan ƙaramin ai na kafin a fara ne." Wata biyu ke nan ba ya sha. Takardar sallamarsa ta waje ta cika shafi uku da bayanin allura, ƙwayar kuwa layi ɗaya aka ba ta a ƙasa.

A ranar muka mayar da tenofovir, muka hana jiƙo, muka dakatar da allura, muka riƙe kotizon a hannu ba mu ba shi ba, muna auna bilirubin da daskarewar jini duk bayan kwana biyu. Wani abokin aikina ya so a fara kotizon nan take, hujjarsa ita ce in garkuwa ce, jira na iya cinye hantar. Hujja ce mai ƙarfi, kuma da daskarewar jinin ta fara lalacewa da na bi shi, tunda tenofovir ya riga ya koma. Sakamako ya dawo: ƙwayar cutar ta kai miliyoyi a mililita. Ra'ayina shi ne abubuwa biyun sun haɗu. Ƙwayar ta cika ƙwayoyin hanta, ta kuma tarar da ƙwayoyin T da aka cire wa takunkumi, su kuwa ba su bambanta ƙwayar hanta mai daji da mai ɗauke da cutar B ba.

Cikin mako shida ALAT ya sauka. Hantar ce ba ta koma yadda take ba. Albumin ya faɗi zuwa 27, ruwa ya fara taruwa a ciki, ya koma aji B. AFP ya sake hawa. Akwai sauran kwalabe na zagaye biyu a Yamai, kuma iyalin sun so a ci gaba. Likitan daji na can ya ƙi sa bevacizumab a wannan hali, na kuma goyi bayansa. An yi masa atezolizumab shi kaɗai sau ɗaya, AFP bai tsaya ba. An gwada sorafenib rabin ƙa'ida, zawo da ciwon tafin hannu da ƙafa suka sa ya bari cikin mako uku.

Daga nan aikin ya koma na sauƙaƙa masa: spironolactone mai fitar da ruwa, zuƙe ruwan ciki in ya takura numfashi, lactulose saboda ruɗewa, tramadol sannan mofin. Ya rasu a gidansa wata goma sha ɗaya bayan zuwansa na farko. Allah ya jiƙansa.

Ba zan ce an yi asarar fili da mota ba. Ya samu kusan wata huɗu na lafiya sosai, waɗanda ba na jin sorafenib zai ba shi. Ba kuma zan ce da bai bar tenofovir ba da yana raye ba, domin da yawa daga waɗanda maganin ya karɓa ƙarin kan dawo musu. Abin da na tabbatar shi ne, maganin bai daina aiki ba a lokacin da aka dakatar da shi. Hantar da za ta ɗauke shi ce ta gaza, kuma ƙwayar da ta fi komai arha a cikin ledar ita ke riƙe da ita. Tun daga lokacin, duk wanda zai tafi waje jinya daga hannuna, nakan kira wanda ke ba shi magani a gida, yawanci matarsa, in nuna mata kwalbar in ce wannan ba a barin ta ko da an daina komai.

'Yan'uwansa

Su biyar ne ciki ɗaya. Matarsa ta taɓa kamuwa da ƙwayar cutar B jikinta ya kore ta. 'Ya'yansa ƙanana, waɗanda aka haifa bayan Nijar ta shigar da rigakafin cutar hanta B cikin allurar jarirai a 2008, ba su da ita. Babban ɗansa, wanda aka haifa kafin nan, yana da ita.

Cikin ƙannensa huɗu, uku sun yarda an gwada su, biyu na ɗauke da ita. Malamin makarantar hantarsa ta fara tauri, yana shan tenofovir, ana yi masa eko da AFP duk wata shida, domin ƙarin da aka kama bai kai santimita 2 ko 3 ba ana iya yanke shi ko a ƙona shi. Ƙanwarsu tana da juna biyu lokacin da aka gano tata, yawan ƙwayar ya haura 200,000 a mililita, aka sa ta a kan tenofovir daga mako na 28, aka kuma tanadi allurar jariri tun kafin naƙuda don a yi masa cikin awa 24 na farko. Gwajin yaron sai ya kai wata tara zuwa shekara.

Na huɗun, wanda ya gaji shagon, ya ƙi. Na aika masa ta bakin malamin, na kuma yi masa magana da kaina ranar da ya rako ƙanwarsu awo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Likita, na gode. Amma Yaya ya yi duk gwajin duniya, ga inda ya ƙare. Ni ku bar ni da rashin sanina." Shekararsa 38. Malamin ya ce zai sa baffansu ya yi masa magana bayan an gama rabon gado.